Cokalin da Ban Karɓa Ba

Tun da na dawo daga Benin 'yan fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kullum sai an tsare ni: "Isuhu, yaya teku? Da gaske ba a hango ƙarshensa? Yaya ka baro Dogo?" Ni kuwa sai in ce lahiya lau, in jawo zancen tsadar dusa. Har Alhaji Mamman mai shago ya fara yaɗa wai ban wuce Doso ba, can na laɓe na ci shinkafa na juyo. To ga labarin, in faɗe shi gaba ɗaya in huta. Wanda ya zo don dariya zai ɗan samu a farko, amma kada ya sa rai da yawa.

Ga wanda bai san Dogo ba, anasara ne, mutumin Kanada, likitan dabbobi. Ya zo Dakoro da furojen allurar shanu ina saurayi, aka ɗauke ni direbansa. Daga baya ya koya mani allura har na fi shi saurin samun jijiyar raƙumi, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Sunansa na yanka ba mai iya furtawa, Fulanin Bader Gula suka laƙaba masa Dogo, sunan ya bi shi. Babu rijiyar da ba mu kwana a bakinta ba daga Rumbu har Tagris. Hausa ta zauna a bakinsa har yana yi wa Buzaye tsiya da ita. Da tsufa ya zo ya koma bakin teku, garin matarsa Madam Odil, gaba da Kwatano. Bara ta rasu. Bana cikin damina sai ga kiransa a salula.

"Isuhu, likita ya ce zuciyar ta gaji. Ka zo mu zauna ko sau ɗaya kafin kasuwa ta tashi."

Ban yi shawara da kowa ba na ce ina tafe. Rabi, uwar 'ya'yana, ta dube ni ta ce, "Kai da ko tafkin bayan gari ba ka shiga, kai ne za ka teku?" Tana mita tana ɗaure kaya: cuku, kilishi, dabino. Ni kuma na haɗa furnon gawayi da butar shayi da finjalaina, don a tunanina zaman da Dogo yake nufi ba zai wuce na shayi ba.

Daga Dakoro zuwa Maradi ba labari, ban da akuyar wani da ta yi mani fitsari a takalmi. A Maradi na shiga kar, babbar motar fasinja. Allah ya haɗa ni kujera da wani Bazabarme mai ƙaton ciki, yana ganin zanen Gobir a fuskata ya washe baki.

"Af! Bawana ne ashe. Mi ka ɓoye wa ubangidanka cikin jakar nan?"

Na ce masa tsarabar mara lahiya ce. Ya ce ai shi ma bai da lahiya, yunwa ke damunsa. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su, ba a fushi, ba a hanawa. Kafin mu kai Kwanni ya gama da rabin kilishin Dogo, yana ci yana kushe yajin. A Doso da zai sauka ya saya mani ruwa da gasasshiyar zabuwa, ya ce in ci in ƙara ƙarfin yi masa bauta. Har yau ban san sunansa ba.

A Gaya aka ce gada a rufe take, sai dai kwale-kwale. Jama'a, ni ruwan da na sani na guga ne. Aka loda mu da buhunan albasa da babura biyu har bakin jirgin ya kusa daidai da kogi. Na rungume furnona, na rufe ido, na kama duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ban san iyakar abin da na karanta ba sai da wata mai albasa ta taɓa ni ta ce, "Baba, buɗe ido, mun iso tun ɗazu, kai kaɗai ake jira." Yara 'yan dako suna ta dariya. A ƙetare wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya ɗaga cuku ɗaya yana juya shi, ya tambaye ni da Faransanci ko kwali ne ko sabulu. Na ce nono ne busasshe. Bai yarda ba sai da ya gatsa, ya dafe haƙori, ya yi mani hannu in wuce.

Na kwana a Paraku, a zango, gidan wani Alhaji mutumin Tawa mai saukar da fataken shanu. Nan na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cuku nasu mai laushi da ake soyawa. Daɗi kam akwai, amma barkonon ya sa na yi hawaye kamar an yi mani rasuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mata. Su ke riƙe da kasuwa, su ke tuƙa babur da goyo a baya, kuma in mace ta daka maka tsawa ba mai ɗaga kai. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga iyali da gajiya mutum ya yi nisa. Tun daga nan iska ta sauya. Rigar da na wanke ta ƙi bushewa, cukun da ke shekara a ɗakin Rabi bai yi komai ba ya fara laushi yana wari.

Kwatano ba zan ce na gan ta ba, bayan ɗan kabu-kabu kawai na gani. Zemijan suke ce masu, duk da riguna ruwan ɗorawa, kuma ba su san birki ba. Hannu ɗaya na riƙe hula, ɗaya furno, bakina na salati. Daga tasha na shiga taksi muka bi gefen teku. Alhaji Mamman, ga amsarka: ba a hango ƙarshensa, kuma ba ya yin shiru ko na ƙiftawar ido.

Wata dattijuwa ta buɗe mani ƙofa, Mama Selestin, mai dafa masa abinci tun Madam na da rai. Ta kai ni baranda. Wallahi da a hanya na gamu da shi da na wuce. Mutumin da ke sunkuyawa kafin ya shiga bukka ya koma ɗan tsurut cikin kujera, hannuwa na kakkarwa a kan gwiwa. Amma bakin yana nan.

"Bagobiri! Ruwa bai cinye ka ba? Ina gajiya? Ina Rabi? Damina ta sauka a Tagris?"

Na durƙusa na kama hannunsa, na ce, "Maigida." Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, ina cewa wane ya rasu, wane ya makance, wane yana nan. Da na kwance cukun ya kai hanci ya shaƙa, ya daɗe bai sauke ba.

Da rana ta yi sanyi, bayan la'asar, ya gyara zama ya ce, "Isuhu, shekara da shekaru ina shan shayinku. Yau kai ma za ka ga nawa."

Mama Selestin ta kawo tire. Kwalabe ne manya da wata 'yar ƙarama, da kwanon ƙanƙara, da lemu ɗaya, da manyan kofunan gilashi biyu masu kauri, da dogayen cokula biyu masu murɗaɗɗiyar mariƙa. Ɗaya kofin babu komai, ɗayan an riga an zuba wani abu ja mai duhu. Ya fara da 'yar ƙaramar kwalbar, ya ɗiga ɗigo kaɗan cikin wanda babu komai. Ni da na ga ana ɗigawa sai na ɗauka maganin zuciyar ne, na ce, "Sannu Maigida, Allah ya sa kaffara ne." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ya lafa ya ɗaga babbar kwalba. Ya ce wannan wuski ne na wani hatsin ƙasarsu, ɗan'uwan alkama amma ya fi ta siranta da duhu, shi ke jure sanyin da ke kashe sauran amfanin gona. Ubansa ya noma shi. Ya ce yana da yaji-yaji a harshe, shi ya sa ake nema masa abokan zama. Ya auna da wani ɗan mudu na ƙarfe mai baki biyu, ya zuba. Ya kawo ja mai zaƙi, ta inabi da aka jiƙa ganyaye a ciki, ya zuba kamar rabin na farko. Ya kawo wata baƙa, ya ce ita ce mai ɗaci, saiwoyi ne da ɓawon itace, ita kaɗan ake sa wa. Sannan ya cika kofin da ƙanƙara ya ɗauki cokali.

"Naku sai an ɗaga buta sama an tara kumfa," in ji shi. "Wannan ba ya son kumfa, ba ya son hayaniya. Ba a girgiza shi. Juya shi ake a hankali, bayan cokali na bin jikin gilashi, har sanyi ya ratsa, ƙanƙara ta ɗan saki ruwa ta kashe masa kaifi. In an iya, ko ƙara ba za ka ji ba."

Shi kam an ji ƙara. Hannun ya ƙi masa biyayya, cokali na bugun gilashi kwal-kwal-kwal, abin na fantsama a tire. Ya cije leɓe ya ci gaba. Da ƙyar ya tace cikin wani ƙaramin kofi, ya yanko ɓawon lemu ya murɗa a kai.

A wannan lokacin warin ya riga ya iso hancina, kuma na san abin da ke gabana. Duk zamanmu a Dakoro ban taɓa ganin Dogo da kwalba ba, ko sau ɗaya. Ina ta faɗa a raina, ashe ƙasa biyu na ratsa, na hau ruwa, don in zo in zauna a gaban giya? Ina cikin haka ya jawo ɗaya kofin mai jan abu, ya zuba masa ƙanƙara, ya ɗauki cokali na biyu ya miƙo mani, cokalin na rawa a iska.

"Karɓi. Hannunka ya fi nawa. Juya."

Ban karɓa ba. Da iyakar abin ke nan da da sauƙi. Sai na kau da kai na tofar da yawu ta kan shingen baranda, na ce a'uzubillahi, na ɗauki butata na tafi alwala, alhali rana ba ta ko kusa faɗuwa ba.

Ban shirya tofarwar ba, bakina ne ya riga ni, kamar yadda kowannenmu ke yi in wari ya buge shi. Da wani anasara ne da ya ɗauka maƙogwaro ke damuna. Amma Dogo ya zauna da mu. Ya san abin da ake tofar wa yawu a garinmu: mushe, da masai, da mutumin da aka raina.

Ina zaune a kan buzu a bayan gida ina jiran magariba, sai wani azumi ya faɗo mani a rai. A Tagris ne, tsakiyar bazara, muna allurar garken wani Buzu tun hantsi. Dogo ba azumi yake ba, ga salka cike a mota. Leɓensa ya tsage, fuska ta yi jawur, na ce masa don Allah ya je bayan mota ya sha. Ya ce, "Ba na sha kuna kallo, kuma ba na ɓuya in sha kamar ɓarawo." Sai da aka kira salla ya karɓi kwanon daga hannuna. Kuma duk inda muka tsaya salla a daji, yana nan tsugune a gefe yana kore mana awaki daga gaban sahu. Na tuna duk wannan, amma na ce wa kaina ai wannan daban, wancan daban.

Da na dawo an ɗauke tiren, an goge teburin. Ya ce, "An idar? Allah ya karɓa." Aka kawo kifi da wani farin tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Muka ci.

Sauran kwanakin ban rasa komai ba. Ɗaki mai kyau, abinci a kan kari, har tabarmar salla sabuwa. Kwalaben nan kuwa ban sake ganinsu ba. Dogo ya yi mani kara irin tamu, wadda ya koya a wurinmu: bai nuna ba, bai ambata ba. Kullum da yamma in hura furno, in ɗaga buta in tara kumfa, ya riƙe finjali da hannu biyu yana zubar da rabi a riga. Mu yi zancen shanu, da rijiyoyi, da ranar da raƙumi ya kore shi ya hau kan mota. Mu yi dariya. Amma duk lokacin da hira ta doshi Madam Odil ko ciwonsa, sai ya dubi teku ya tambaye ni kuɗin buhun gero. Zaman da ya kira ni dominsa ina ji a jikina ba shi muke yi ba.

Mama Selestin kuwa tun daren farko ta daina amsa gaisuwata da kyau. Ana gobe zan tafi na shiga madafa neman gawayi, ta tare ƙofa. Ta buɗe firijo ta ɗauko wata kwalba mai jan abu, ta cire murfi ta tura mani a hanci.

"Shinshina," in ji ta da Faransanci.

Soɓo ne. Soɓo da citta, da wani ɗaci-ɗaci a ƙasa wanda na sani sarai, ɓawon maɗaci.

Ta ce tun ranar da na ce ina tafe ya hana ta sakat. A dafa, ya ɗanɗana, ya ce zaƙi ya yi yawa. A sake, ya ce ɗaci bai fito ba. So yake ya yi kama da nasa a launi da ɗanɗano, ba tare da ɗigon giya ba. Kofin da cokalin sababbi ne, ita ya aika har Kwatano ta sayo, ya hana a wanke su tare da sauran. Ya ce mata, "Abokina ba ya sha, kuma hannunsa ba zai taɓa abin da ya taɓa giya ba." Ta ce da Madam ke juya masa nasa kowace yamma, su zauna su yi ta magana har duhu. Tun da ta rasu a wannan lokacin ne kawai bakinsa ke buɗewa, kuma babu mai saurare sai teku.

"Ya ce kai za ka juya ba a ji ƙara ba," in ji ta. "Ya ce hannunka ba ya rawa." Ta mayar da murfi ta juya mani baya.

Innalillahi. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, ga furfura a gemuna.

Ranar bai fito baranda ba, numfashi ya matsa masa. Na same shi a gado an tokare shi da matasai. Na tsuguna na ce, "Maigida, a fito da tiren nan. Kai ka sha naka, ni in juya nawa."

Ya dube ni, ya gane an gaya mani. Ya ɗan yi murmushi. "Bari, Isuhu. Ya kwana da yawa, ya yi tsami."

"A dafa wani."

"Wata zuwar."

Ni da shi duk mun san babu wata zuwa. Na ce, "Don Allah ka yafe mani."

"Mi ka yi mani? Ba ka yi mani komai ba. Tafi ka hura furno, in ji ƙamshin daga nan."

Da ya zage ni, da ya ce Bagobirin banza kamar yadda ya saba, da na samu inda zan kama. Na fita na dafa shayin, na kawo masa na farko, na tarar barci ya ɗauke shi.

Da safe muka yi sallama, ya ba ni saƙon gaisuwa ga mutanen da rabinsu na riga na gaya masa sun mutu. A bakin ƙofa Mama Selestin ta cusa wani abu naɗe a tsumma cikin jakata, ta ce, "Naka ne, don kai aka saye shi." Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta. Kogin ma da ido buɗe na ƙetare shi, ban ko lura ba.

Ana cikin yankan gero Mama Selestin ta kira ta ce ya cika. Ta ce tun tafiyata bai sake neman tiren ba.

Na kai maganar gun limaminmu, ban ɓoye komai ba. Ya ce da giya ce a kofin, ƙin karɓa shi ne daidai, kuma ko gobe haka zan yi. Sannan ya ce, "Amma tambaya ba ta karya alwala, Isuhu. Tofar da yawun kuma ba wanda ya umarce ka."

Ran nan da yamma na sa Rabi ta dafa soɓo da citta, na ɓantaro ɓawon maɗaci, na aika aka sayo ƙanƙara gidan maƙwabcinmu mai firijo. Na zauna a tsakar gida na kwance tsumman, na ɗauko cokalin nan mai murɗaɗɗiyar mariƙa. Na sa bayan cokali a jikin kofi na juya a hankali yadda ya ce, kuma gaskiyarsa, ko ƙara ba a ji ba. Na murɗa ɓawon lemu a kai na kurɓa. Rabi ta ce, "Yaya, haka yake?"

Na ce mata ban sani ba. Da ɗaci ƙwarai, amma ko haka ya so ya kasance, ko na zarce, wanda ya san awon ya miƙo mani cokali ban karɓa ba.